Harajin gida, kasafin kuɗi da ayyukan gari a Zariya: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara idan damina ta kankama, lambatu ya cika ya fara amai a bakin ƙofofin gidaje, sai maganar haraji ta dawo bakin mutanen Zariya. A majalisar bayan isha'i, a shagon tela, a cikin motar Samaru zuwa Kofar Doka, tambayoyin kusan iri ɗaya ne: wa yake karɓar kuɗinmu, ina suke tafiya, kuma aikin wa ne ya yashe wannan magudana? Na tattara waɗanda aka fi yi, na amsa su gwargwadon abin da doka ta tanada da abin da idona yake gani a garin da nake zaune.

Shin Zariya ƙaramar hukuma ɗaya ce?

A'a. Garin da muke kira Zariya a baki ɗaya ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi biyu cikin 23 na jihar Kaduna. Ƙaramar hukumar Zariya tana da gundumomi 13, daga Kwarbai da Kaura da Limancin Kona a cikin ganuwa zuwa Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur da Dambo. Ta Sabon Gari tana da 11, ciki har da Samaru, Hanwa, Muciya, Cikaji, Basawa da Bomo. A ƙidayar 2006 su biyun sun kusa kai mutum dubu 700, yanzu kuwa kowa ya ga yadda gari ya faɗaɗa ta Danmagaji da hanyar Jos da bayan Kwangila. Asibitin koyarwa na Shika ma, da kowa yake cewa na Zariya ne, a ƙasar Giwa yake.

Wannan rabuwa tana da tasiri a kan aiki. Ruwan da ya kwaso shara daga Samaru bai san iyakar ƙaramar hukuma ba, Kubanni zai bi ya wuce da ita ƙasa. Saboda irin haka ne gwamnatin jihar ta kafa hukumar kula da birnin Zariya a 2021, tare da takwarorinta na Kaduna da Kafanchan, don a samu mai kallon garin gaba ɗayansa.

Mene ne harajin gida, kuma wa doka ta ba ikonsa?

Kuɗi ne da ake sa wa gini duk shekara gwargwadon darajarsa, don a yi wa unguwar da yake ciki hidima. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, cikinsu akwai ƙiyasta gidajen da mutane suka mallaka domin sanya musu kuɗin da majalisar dokokin jiha ta ƙayyade. A lura da wannan gaɓa ta ƙarshe. Ciyaman ba shi da ikon ya wayi gari ya yanka wa gidaje kuɗi daga kansa, sai da dokar majalisar jiha a bayansa.

A Kaduna an yi dokar da ta tattara haraje-haraje wuri guda a 2016, aka sake mata fasali a 2020. Ita ce ta ɗora wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, wato KADIRS, nauyin karɓa, ta kuma hana biyan tsabar kuɗi hannu da hannu.

Shi ne kuɗin ƙasa da ake nema wurin masu takardar mallaka?

Ba shi ba ne, ko da yake mutane suna yawan gwama su. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna. Wanda ya karɓi takardar mallakar fili izinin zama aka ba shi na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma yana biyan jiha kuɗin ƙasa duk shekara. Rajistar filaye da takardunsu tana hannun hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS, izinin gini kuma yana hannun hukumar tsara birane, wato KASUPDA. Kuɗin ƙasa na filin ne, harajin gida na abin da aka gina a kansa ne.

Ba an soke haraji tun zamanin Balarabe Musa ba?

An soke, amma ba wannan ba. Tambayar tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin a nan ne tsoron da mutanenmu suke yi wa kalmar haraji ya samo asali.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Zazzau ta san biyan kuɗi ga hukuma. Manomi yana biyan kuɗin garma, ko galma kamar yadda muke faɗa a nan, masu rini suna biyan kuɗin karofi, makiyaya suna biyan jangali. Da Turawa suka karɓi Zariya a 1902 sai suka dunƙule yawancin waɗannan suka mai da su haraji a kan kowane baligi namiji. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, a zuba wani kaso a baitulmalin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, wani kaso ya tafi wa gwamnati. Da wannan kuɗin En'e take biyan alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta da ma'aikatan tsafta. Amma hanyar karɓar ta yi tsanani. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci, da yadda mutum yake sayar da hatsin da zai ci da iyalinsa tun kaka don ya samu takardar haraji, da waɗanda suka bar ƙauyukansu suka tafi cin rani ba su dawo ba. Mai shanu ɗari da mai akuya ɗaya ba su da bambanci sosai a gaban mai karɓar kuɗin kai.

Shi ya sa lokacin da gwamnatocin jam'iyyar PRP suka hau a 1979, Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa a Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murnar da har yau ba a manta ba. Ni ina ganin sun yi daidai. Abin da aka soke kuɗin kai ne, wanda ake ɗora wa mutum don kawai yana numfashi. Harajin gida kuwa dukiya yake bi: mai bene hawa uku da shaguna goma a PZ ya biya da yawa, mai ɗaki biyu na ƙasa a Unguwar Juma ya biya kaɗan ko a yafe masa. Wanda ya haɗa su biyun a kwando ɗaya ya taimaki mai bene ne, bai taimaki mai ɗakin ƙasa ba.

To yanzu daga ina ƙaramar hukuma take samun kuɗinta?

Mafi yawa daga Abuja. Duk wata ana zama a raba abin da ya shiga asusun tarayya: gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Daga harajin kayan masarufi na VAT, wanda yake kashi 7.5 tun 2020, ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Sauran shi ne abin da ake tarawa a gida: kuɗin rumfunan kasuwa, na shaguna, na tasha, na mayanka, na allunan talla, na rajistar aure, da harajin gida. Idan aka ɗora wannan a kan sikeli da kuɗin Abuja, ba ya taka kara ya karya.

Me hukuncin kotun ƙoli na 2024 ya canja?

Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kuɗin suke bi shekara da shekaru. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa doka. Jihar Kaduna ta yi nata zaɓen ƙananan hukumomi a watan Oktoban wannan shekarar. Hukuncin ya warware batun wa ya kamata ya riƙe kuɗin. Bai warware batun wa zai sa wa mai riƙon ido ba, wannan kuwa ya rage ga kansiloli da mu masu zaɓensu.

Tunda kuɗi suna zuwa daga Abuja, don me za a taɓa aljihuna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma amsata ba kowa take yi wa daɗi ba. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da abincinta yake fitowa daga Abuja, fuskarta Abuja take kallo da Kaduna. Ko an kwashe sharar Tudun Jukun ko ba a kwashe ba, ƙarshen wata kason zai sauka. Amma hukumar da ta san wani ɓangare mai kauri na kuɗinta daga gidajen Tudun Jukun yake fitowa, kuma ta san mutanen za su riƙe rasidinsu su zo ofis su yi tambaya, dole ta saurare su.

Akwai kuma ɓangarenmu. Kuɗin man fetur kowa yana ɗaukarsu kamar ba na kowa ba, shi ya sa idan aka ji labarin an yi facaka da su sai a yi tsaki a wuce. Naira dubu biyar da ta fita daga aljihun magidanci kuwa ba ya manta ta. Harajin gida yana da wata fa'ida ta daban: gida ba ya guduwa, ba a ɓoye shi, kuma idan aka yi titi da magudana a layi darajar gidajen layin ce take tashi. Wanda ya fi amfana shi ya fi biya.

Ba a yi mana komai ba. Ta yaya za a ce mu biya?

Ƙorafin gaskiya ne, ban raina shi ba. Sai dai a duba abin da gida ɗaya yake kashewa a wata a layinmu. Da sassafe mai ruwa yana turo kura da jarkoki goma sha biyu, yana tokare ta da dutse a bakin zaure, uwargida tana ƙirga jarka nawa za ta isa wanki da girki. Mu ƙaddara jarka naira 100 ce, gidan kuma yana shan shida a rana, a wata an kashe naira dubu 18 a ruwa kaɗai. Almajiri ko yaron unguwa yana zuwa ya ɗauki shara a ba shi ladansa, ya kai ta jujin da babu mai kwashewa, ruwan sama ya dawo da ita cikin lambatu. Ƙarshen wata mai littafin 'yan sintiri yana ƙwanƙwasa ƙofa. Taransifoma ta ƙone, an yanka wa kowane gida kuɗi. Kwalbati ya rufta, an yi karo-karo an sayi siminti, matasa sun fito aikin gayya ranar Lahadi da shebur da baro.

Duk wannan biya ne. Muna biyan kuɗin hidimar gari tun da daɗewa, a warwatse, da tsada, ba rasidi, ba kuma wanda za mu riƙe idan aikin ya lalace. Mafi ciwo shi ne talaka ya fi biya. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse ya ɗora tanki ya huta, marar hali ne yake sayen ruwa jarka-jarka har ƙarshen rayuwarsa. Don haka ni ba na goyon bayan a ce kada a biya. Abin da nake goyon baya shi ne unguwa ta haɗu ta ce za mu biya, amma a rubuta mana abin da aka tara a gundumarmu da abin da aka yi da shi, a manna a ƙofar ofishin kansila.

Aikin wa ne ruwa, wuta, shara da titi?

Kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kwashe shara, magudanun ruwa, titunan cikin unguwa da fitilunsu, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, bayan gida na jama'a, sanya wa tituna suna da lambar gidaje. Tana kuma da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci tare da jiha.

Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne. Babban aikin ruwan Zariya ya dogara da madatsar Galma da matatar da aka gina a Shika mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana, kuma an yi shi da rancen Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka. Matata abu ɗaya ce, bututun da zai shiga lungu ya kai ƙofar gida wani abu ne daban, kuma a nan ne unguwanni da yawa suke jira. Wuta ta kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ce tun da aka sayar da ɓangaren a 2013, ciyaman ba shi da iko a kanta. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta tarayya ce. Sanin wannan yana rage wahala, domin ƙorafin da aka kai ofishin da ba nasa ba, a aljihun tebur yake kwana.

Yaya ake yin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, kuma me ya sa ba a ganin aiki?

Shekarar kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba. Sassan ƙaramar hukuma, na ayyuka da lafiya da noma da ilimi, suna kawo buƙatunsu, ma'aji da jami'in kasafi su haɗa, ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli ta amince. Bayan shekara ta ƙare akwai babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi a jiha, wanda aikinsa ne ya bi diddigi ya kai rahoto majalisar dokoki.

Kasafin kashi biyu ne, na hidimar yau da kullum da na manyan ayyuka. Na farko shi ne yake lashe mafi yawa: albashin malaman firamare, ma'aikatan lafiya, ma'aikatan sakatariya, fansho, da kason masarauta. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 adadin nairar da ake rabawa ya ƙaru, amma buhun siminti da litar gas su ma sun tashi, ga sabon mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa hannu a kansa a 2024. Ban faɗi wannan don in wanke kowa ba. Na faɗa ne don mai tambaya ya san inda zai sa yatsa: nawa ya rage bayan albashi, kuma wane aiki aka rubuta da suna da wuri? Layin da aka rubuta "gyaran magudanun ruwa" kawai, ba unguwa ba tsawo, shi ne layin da ya fi saurin ɓacewa.

Mai gida ne zai biya ko ɗan haya? Gidan gado fa?

Tsakanin mai gida da ɗan haya, a rubuta a takardar haya tun ranar farko wa zai ɗauki wane kuɗi, don kada a zo ana jayayya a gaban mai unguwa. A aikace mai gida yakan zuba shi cikin kuɗin haya ko ta yaya.

Gidan gado ya fi wuya. A cikin birni akwai gidajen da zaure ɗaya yake shigar da iyali bakwai ko takwas, kowa da sashensa, ba a raba ba tun rasuwar kaka, ba kuma takarda sai shaidar maƙwabta. Duk tsarin da bai yi la'akari da irin waɗannan gidaje ba, da gidajen zawarawa masu riƙon marayu da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, zai koma irin harajin da aka soke a 1979. A ganina ya kamata a fara da manyan gine-ginen kasuwanci, gidajen mai, otal-otal, da ɗakunan kwanan ɗalibai da suka cika Samaru da Kongo, waɗanda kuɗin shigarsu a fili yake.

Na fitar da zakka. Ba ta wadatar ba?

Zakka ibada ce, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba wa. Kuɗin kwashe shara da gyaran titi hakkin zaman tare ne, wanda Musulmi da Kirista suke tarayya a kansa, daga Wusasa har Babban Dodo. Ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

Manyan makarantu da barikoki fa?

Zariya garin ilimi ce, kuma arzikinta kenan. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, cibiyar nazarin sufuri a Basawa, makarantar horar da kuratan soja, duk suna kawo mutane da ciniki. Filayen da suke hannun gwamnatin tarayya dokar 1978 ta bar mata su, ba sa ƙarƙashin gwamna. Amma dubban mutanen da suke aiki da karatu a cikinsu a unguwanninmu suke kwana, titunanmu suke bi, jujinmu suke zuba shara. Hanya mafi sauƙi ita ce yarjejeniya a kan aiki: motar shara, gyaran hanyar da ta bi ta bakin katanga, ko taimakon masana. A harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo akwai sashe guda da aikinsa shi ne koyar da harkar ƙananan hukumomi, ga sashen tsara birane a harabarta ta Samaru. Ɗalibansu za su iya ƙirga gidajen gunduma guda su zana taswirarta a zangon karatu ɗaya.

Ta yaya zan ga abin da ƙaramar hukumata ta samu?

Ofishin babban akanta na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa rabon kowane wata a intanet, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Mai waya a hannu zai iya nemo layin Zariya da na Sabon Gari. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta takarda ya nemi kwafin kasafi, kuma ta ba ofis kwana bakwai ya amsa. Takardar da ta fito da sunan ƙungiyar unguwa, da sa hannun mai unguwa da liman da shugabar mata, ta fi ta mutum ɗaya nauyi. A ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

Idan wani ya zo ƙofata ko shagona yana neman kuɗin haraji fa?

Ya taɓa faruwa da ni. Wasu mutum biyu suka tsaya a shagon ƙanena da rana tsaka, ɗaya riƙe da kwado da sarƙa, ɗaya da littafi. Babbansu ya ce, "Malam, ko ka biya yanzu ko mu rufe." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ƙi biya ba. A ba mu takardar da ta nuna sunan harajin da adadinsa, gobe da safe mu je banki." Suka dubi juna, suka ce za su dawo. Har yau ba su dawo ba.

A nemi katin shaidar aiki. A nemi takardar neman biya mai ɗauke da sunan mai gida ko shago, adireshi, sunan harajin, shekararsa da adadin kuɗin. A biya ta banki ko ta hanyar da hukumar tara kuɗin shiga ta amince da ita, a karɓi rasidi, a ɗauki hotonsa a waya saboda takarda tana jiƙewa. Idan adadin ya yi yawa, a rubuta ƙorafi da wuri, kada a bari wa'adin da aka sa a takardar ya wuce. Tare hanya da sanduna don karɓar haraji kuwa, dokar tarayya ta 1998 da ta jera haraje-harajen kowane matakin gwamnati ta hana shi a fili. Wanda aka tare shi a hanya ya lura da wurin da lokacin, ya kai rahoto ofishin hukumar tara kuɗin shiga da ke Zariya, ya kuma sanar da kansilan gundumarsa.